Mayafin Da Suka Rufe Berto Da Shi

Nilsa ta dawo daga masana'antar ɗinki ta tarar da wandon mijinta a kan igiya, shi kaɗai, yana ɗigar ruwa. Ba ranar wanki ba ce. Ta ajiye jaka a bakin ƙofa ta shiga.

Heriberto yana kwance a doguwar kujera, ido buɗe, yana kallon silin. Gefen bakinsa da busasshen jini.

"Berto, buɗe bakinka in gani."

Ya buɗe. Harshen ya tsage ta gefe, ya kumbura.

"Ka sake faɗuwa ke nan."

"Mami ta ce barci na yi."

Uwarsa, Doña Providencia, tana kicin tana soya agade, ta ba su baya. Gidanta ne, a gangaren dutse a garin Lares, kuma a nan suke zaune tun da Berto ya dawo daga Iraƙi, inda bam ya tashi da motarsu ya bar masa tabo a bayan kunne. Tun daga lokacin yake faɗuwa. Sai ya sandare, ya yi ta jijjiga, kumfa a baki, in ya farfaɗo bai san an yi ba. Abin da aka gaya masa shi ne abin da ya sani.

"Doña Provi," in ji Nilsa, "wane irin barci ne ake cizon harshe a jiƙa wando?"

"Kofi ya zubar a jikinsa. Ki wanke hannu ki zo ki juya shinkafar nan."

Kofi wai. Kofin da ba ya barin tabo sai zarni.

Ga yadda abin yake. Hukumar tsofaffin sojoji ta ƙi ba Berto kuɗin naƙasa, kuma ba laifin likitan da ya duba shi ba ne. Ranar da za a je birni ganin likitan, Doña Provi ta tashi da sassafe ta goge masa farar riga har tana ƙyalli, ta sa aka yi masa aski, ta fesa masa turare. A wajenta ɗan mutunci ba ya zuwa gaban likita yana kama da marar lafiya. Nilsa ba ta samu izini daga wajen aiki ba, sai yayansa Eliezer ya raka shi, wanda kowa ke kira Fasto, har uwar da ta haife shi. Likita ya tambayi Berto ya jiki. Berto ya amsa yadda aka koya masa tun yana ƙarami: "Lafiya lau, mun gode wa Allah." Likita ya ce faɗuwar fa? Fasto ya yi caraf ya ce ai wannan tsohon zance ne, Ubangiji ya riga ya warkar da shi. Likita ya rubuta abin da ya ji.

Nilsa ta ɗaukaka ƙara. Wata mata a ƙungiyar tsofaffin sojoji, Señora Quiñones, ita ta taimaka mata da takardun, ta kuma gaya mata gaskiya ba ƙawa.

"Maganarki ke kaɗai ta ci karo da abin da mijinki ya faɗa da bakinsa. Alƙali zai so ya ji daga wanda ke wuni da shi. Wa yake ganinsa da rana?"

"Uwarsa."

"To shi ke nan, abu ya zo da sauƙi. Ta faɗi abin da take gani, da yawan yadda yake faɗuwa. Wace uwa ce za ta ƙi?"

Señora Quiñones ba ta san Doña Provi ba.

Da yamman nan, bayan an ci abinci, Nilsa ta ja kujera kusa da surukarta.

"Doña Provi, magana ce kaɗan. Ki gaya musu kina ganinsa yana faɗuwa. Ba ƙarya aka ce ki yi ba."

"In faɗa wa wa? Wani baturen da ban sani ba? In buɗe baki in ce ɗan da na haifa yana da farfaɗiya?" Ta rage murya a kan kalmar kamar maƙwabta sun kasa kunne a taga. "Babu wannan abin a danginmu. Ki je ki tambaya daga nan har Utuado."

"Ai ba gado ba ne. Bam ne."

"Mutane za su tsaya tambayar ko bam ne? Jikokina mata suna nan sun kai aure. Ke ba ki haihu ba, shi ya sa ba ki tunanin irin wannan."

Nilsa ta haɗiye wannan, ba yau ta fara haɗiye ta ba.

"In ya faɗi a kan murhu fa? In ya faɗi a banɗaki ba kowa?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ni nake nan, ni nake tare shi." Sai ta ga ta yi suɓul da baka, ta miƙe ta hau kwashe kwanuka. "In ya gyangyaɗa, nake nufi."

Washegari Nilsa ta biya coci bayan aiki. Cocin Fasto Eliezer tsohon shagon taya ne da aka yi wa fenti. Da can mutanensa ba su cika benci uku ba. Sai ranar da ya ɗora wa ƙanensa hannu a gaban jama'a, ya ce aljanin yaƙi ya fita, ya sa Berto ya ɗauki makirufo ya ba da shaida. Tun daga nan ake zuwa daga wasu garuruwa don a ga sojan da ya warke. A gefen bagade akwai wata babbar kwalba ta gilashi, inda waɗanda suka warke suke zuba magungunansu, ga sanduna an jingina a bango. Ƙwayoyin Berto su ne na farko da suka shiga kwalbar.

Ta sami Fasto yana gwada sabon lasifika.

"A'a, matar ƙanena! Albarkar Ubangiji. Kin zo ki ba mu hannu a shara?"

"Na zo ka rubuta wa alƙali abin da ka sani."

"Abin da na sani shi ne Yesu ya taɓa shi."

"Jiya ma ya faɗi."

"Gwaji ne. Shaiɗan yakan dawo ya leƙa ko an bar ƙofa a buɗe. Wa yake buɗe masa? Mai shakka a cikin gida." Ya yi mata murmushin nan nasa na ranar Lahadi. "Nilsa, ki duba. Mutum ya tsaya a gaban Allah da jama'a ya ce ya warke. Yanzu ki kai shi gaban gwamnati ya ce bai warke ba. Wanne ne ƙarya? Kina so ki mai da mijinki maƙaryaci saboda kuɗi?"

"Ina so ya sha magani. Ina so ka karɓe makullin motar coci daga hannunsa."

A nan ne murmushin ya ɗan karkace. Berto ne direban motar coci, shi ke kwaso tsofaffi daga kan duwatsu, shi ke ɗauko kujerun haya, ba a biyan sa ko sisi. Kuma kowa ya sani, ranar da aka rubuta farfaɗiya a takarda, ranar za a karɓe lasisinsa.

"Tuƙin nan shi ke riƙe da shi," in ji Fasto. "Namiji ne fa. Ki raba shi da sitiyari ki zaunar da shi a gida kamar tsohuwa? Ke kina ɗinka wa sojoji kaki, ba ki san zuciyar soja ba. Ki je ki yi azumi, za ki ga haske."

Ta fito ba ta yi masa sallama ba. Nilsa ba baƙuwar azumi ba ce, gwiwoyinta sun yi kanta a wajen addu'a. Abin da ba ta taɓa gani a Littafi Mai Tsarki ba shi ne inda Yesu ya warkar da mutum sannan ya ce a ɓoye wandonsa.

Ta je kemis ta sake karɓo maganin, ta tusa a cikin gwangwanin shinkafa, tana ba shi da safe kafin ta fita. Ya ɗan samu sauƙi. Har ya fara yi mata tsiya kamar da.

"Ke da kike ɗinka kaki, ki ɗinka min wanda bam ba ya gani mana."

"Kai ne ka ƙi tsayawa a gwada ka. Kai da ƙaton kai."

Ba a daɗe ba Doña Provi ta zo awon shinkafa ta ci karo da kwalbar maganin. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa a jakarta, ranar Lahadi ta kai bagade da hannunta, aka yi tafi. Da Nilsa ta tambayi Berto me ya sa ya bari, sai ya sunkuyar da kai.

"Mami ta yi kuka. Ta ce ina tona wa Fasto asiri." Ya shafa tabon bayan kunnensa. "Nilsa, ni fa ban taɓa ganin abin nan ba. Ke kin ce ina faɗuwa, su sun ce barci nake. Ni dai na san ina farkawa jikina kamar an yi min duka."

Daga nan abin ya riƙa gaba. Ya faɗi da tukunyar kofi a hannu, cinyarsa ta saluɓe, uwar ta shafa masa man goge baki ta ce santsi ne ya kwashe shi. Ya faɗi a banɗaki ya bar haƙori a bakin baho, aka ce dama haƙorin yana girgiɗi. Ya fara manta abin da ya fito nema. Sai ya tsaya a tsakar gida da guduma a hannu yana waige-waige, kamar yaron da aka aika ya manta saƙo. In an harba abin wasan wuta a gari sai ya shige ƙarƙashin tebur, uwar ta ce wani abu yake nema da ya faɗi. Kowace faɗuwa da sunan da aka raɗa mata. A gidan nan an fi saurin samo suna fiye da samo bandeji.

Nilsa ta daina zuwa cocin tun ranar kwalba, amma wata Lahadi ta shirya ta bi su, don wata abokiyar aikinta ta ce mata, "Kai, mijinki yana da shafewar Allah! Kowane mako sai Ruhu ya kayar da shi."

Coci ya cika. Ganga, kacau-kacau, lasifika kamar zai tsaga bango. Fasto ya kira masu neman taɓawa, suka jeru, yana dafa goshinsu suna zubewa baya, dikinoni, mataimakansa, suna tarewa. Mata biyu suna biye da fararen mayafai, duk wanda ya kwanta sai su rufa masa daga ƙirji zuwa ƙafa don sutura, kamar yadda aka saba. Berto yana tsaye a gefe yana riƙe da wayar makirufo, ba a ko kai gare shi ba. Nilsa ta ga idonsa ya kafe a kan fitilar nan mai walƙiya. Ta san wannan kallon. Kafin ta miƙe ya yi wata ƙara ya tafi ƙasa, ƙeyarsa ta bugi siminti.

"Haleluya!" in ji Fasto. "Ku dubi ikon Allah a kan sojan nan! Ku ɗaga murya!"

Aka ɗaga. Doña Provi da kanta ta fizgi mayafi ta rufe ɗanta, ba daga ƙirji ba, har fuska. Ƙafafunsa suna dukan ƙasa a ƙarƙashin farin ƙyalle, mutane suna rawa a kewaye da shi.

Nilsa ta ture benci, ta ture wani dikin, ta yaye mayafin. Fuskar Berto ta yi shuɗi. Ta juya shi ta gefe, jini da yawu suka zubo, ta sa cinyarta a ƙarƙashin kansa.

"Ku kashe gangar nan!"

Mai ganga ya kalli Fasto. Ya ci gaba da bugawa a hankali.

"Na ce ku kashe! Ku zo ku gani, tunda kallo kuka zo yi!" Ta ɗaga mayafin sama, ja a sama, rawaya a tsakiya. "Wannan ne Ruhu Mai Tsarki? Ku ji tsoron Allah! Farfaɗiya ce, a yaƙi ya samo ta, kuma kowane mako kuna gani. Wa zai zo ya faɗa wa alƙali? Mutum ɗaya nake nema. Ɗaya!"

Wannan ya kalli takalminsa, waccan ta hau neman wani abu a jaka. Mutanen da yanzun nan suke magana da harsuna, duk harshen ya ɗauke.

Fasto ya sa makirufo a baki, murya a sanyaye. "'Yan'uwa, mu yi wa 'yar'uwarmu addu'a. Nauyi ya yi mata yawa."

Suka miƙo hannuwa ta wajenta suna addu'a a kan ta. A kan ta fa, ba a kan wanda ke kwance ba.

Ta tafi da mijinta gida a motar haya, da mayafin a jakarta. Ta ɗauke makullin motar coci daga aljihunsa ta jefa a rami bayan gida. Doña Provi ta daina yi mata magana, sai dai ta yi da bango: wasu matan ba su san sutura ba, wasu matan sun shigo dangi don su kunyata shi.

Abin da Nilsa ba ta lissafa ba, Fasto yana da wani makullin.

Wata rana tana kan keken ɗinki, tana haɗa aljihun kaki, mai kula da layi ta zo ta dafa kafaɗarta. An aiki Berto ya ɗauko kujerun taron wa'azin farkawa daga garin Castañer. A wata kwana motar ta miƙe, babu alamar birki a kan kwalta, ta gangara cikin gonar kofi. Allah ya taƙaita, kujeru ne a baya ba tsofaffi ba.

Bai mutu ba. Ya fito da hannun dama da ƙafar dama da ba sa jin umarni, magana kuma sai ya jawo ta da ƙyar, kalma ɗaya ɗaya. A asibiti suka ɗauki hoton kansa suka ga tsohon tabo a ƙwaƙwalwa, suka kuma ga ya faɗi a gabansu, a kan gadonsu. Suka rubuta. Abin da uwa da ɗan'uwa suka ƙi faɗa da baki, sai da rabin jikinsa ya faɗa.

A barandar asibiti Fasto ya ce, "Shaiɗan ne ya ja sitiyarin, saboda taron farkawa." Doña Provi ta ce, "Tun da aka tona shi a gaban mutane hankalinsa bai kwanta ba." Ba ta kalli Nilsa ba, amma kowa ya san inda maganar ta nufa.

Da aka sallame shi Nilsa ba ta mai da shi gidan dutse ba. Ta kama ɗaki a ƙasa, kusa da masana'anta, inda keken guragu zai iya shiga. Ranar sauraron ƙara ba ta goge masa riga ba, ba ta yi masa aski ba. Ta tura shi ofishin Señora Quiñones yadda ya tashi. Alƙalin, wata mace, ta bayyana a allon kwamfuta, ta gaishe shi, ta tambaye shi ya jiki.

Berto ya buɗe baki. Nilsa ta ga leɓɓansa suna haɗa amsar nan ta kullum, ta "lafiya lau". Ya tsaya, ya kalli hannunsa da ke kwance a cinya kamar na wani.

"Ba... lafiya," in ji shi.

An amince da ƙarar, za a biya Berto kuɗinsa. Labari ba ya kwana a Lares. Ranar Asabar da hantsi sai ga mota a ƙofa, Fasto da kwat, Doña Provi da tukunyar shinkafa da wake. Tun daga asibiti ba su tako ba.

"Ɗana!" Ta rungume kansa. "Ka ga yadda ka rame. Ba a ba ka abinci ne?"

Fasto ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Mun ji abin da Ubangiji ya yi. Ka san duk coci mun yi ta azumi a kan takardun nan. Ga shi ƙofa ta buɗe."

"Wace ƙofa?" in ji Nilsa. "Ta farfaɗiyar da babu?"

"Hanyoyin Allah ba irin namu ba ne, matar ƙanena. Kada mu koma baya." Ya gyara zama. "Abin da ya kawo ni, kada albarka ta shigo a manta da Mai bayarwa. Kashi ɗaya cikin goma nasa ne, kin sani. Ga motar coci ta lalace, ba don ina ɗora wa kowa laifi ba. Sannan in ya ji ƙarfi, mu kawo shi ya ba da shaida yadda Allah ya tsamo shi daga ramin nan. A keken ma ya isa."

"Rufin ɗakina kuma har yanzu tamfol ne tun da guguwa ta yaye shi," in ji Doña Provi, tana shafa kan Berto. "Shi ya sani. Ɗana ba zai bar uwarsa a ruwa ba."

Berto yana kallon su, daga wannan zuwa wancan. Yawu ya ɗan zubo masa ta gefen da ya mutu. Uwar ta yi sauri ta goge da gefen hannunta, ta waiga ta taga ko wani ya gani.

Nilsa ta shiga ciki. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta fito da wata leda a ɗaure. Fasto ya miƙe, ya karɓa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Allah ya sa albarka, ya ninka..."

Ya kwance. Warin ne ya fara fitowa. Farin mayafin ne, ba a wanke ba, jinin ya koma baƙi, rawayan ya bushe ya yi taswira.

"Na cocinku ne," in ji Nilsa. "Na daɗe ina so in mayar. Ka rataye shi a gefen kwalbar nan, kusa da sanduna, don masu zuwa kallo su ga abin da kuka warkar."

"Nilsa, wannan rashin kunya..."

"Doña Provi, ki ɗauki tukunyarki. Lokacin maganinsa ya yi, kuma a gidan nan a kan tebur muke ajiye shi."

Uwar ta juya ga ɗanta, ido ya kawo ruwa, irin kukan da ya saba yi mata aiki. "Berto, kana ji ana korar uwarka?"

Ya daɗe yana haɗa maganar. Suka jira, Fasto riƙe da ƙyallen nesa da kwat ɗinsa.

"Mami," in ji Berto. "Ki je... gida. Barci... zan yi."

Nilsa ta buɗe musu ƙofa. Da suka fita ta rufe, ta ɗebo ruwa a kofi, ta sa masa ƙwayar a hannun hagu, ta tsaya a kansa har ya haɗiye.